Kada Ka Zama Ɗan Tudu Na Biyu

Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗana Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka riga ka sauka Kaduna lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki.

Na ba Innarka ta sa maka ita cikin jaka ne don na san halina. In na ce zan zaunar da kai mu yi magana baki da baki, kafin in kai tsakiya zan juya ta ta zama wasa, ka yi dariya, in yi dariya, mu tashi ba a faɗi komai ba. Haka na saba tsere wa duk maganar da ta yi mini nauyi. A takarda babu mai tafa mini, dole in daure in faɗa.

Ka fara sanin wannan: hankalina a kwance yake. Tun ranar da aka tsayar da maganar tafiyarka nake barci kamar wanda aka sauke wa buhun shinkafa daga ka. Innarka ce ke kuka tana ninke maka kaya, ni kuwa har kunyar farin cikina nake ji a gabanta. In ka karanta zuwa ƙarshe za ka gane dalili.

Tun kana goye kake jin ana kirana Ɗan Tudu, amma ban taɓa gaya maka yadda aka haife shi ba. Lokacin muna Sakkwato, kafin a ba mu jiharmu, ina wasan kwaikwayo a gidan rediyo, ina kuma cikin ƙungiyar raye-rayen gargajiya. Sai aka kwashe mu zuwa Argungu mu koyi rawar masunta a wurin masu ita. Wani dattijon masunci ya ce ba mai iya rawar su sai wanda ya san yadda jirgi ke rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, don haka duk mu shiga kwalekwale. Ni ɗan gidan malamai ne, a zaure na tashi tsakanin alluna, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Jirgi na barin gaɓa na rungume goran da aka ba ni, na kama karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Masunta suka yi ta dariya har ɗaya ya faɗa ruwa. Da muka fito shugabanmu ya ce, "Umaru, abin ga da ka yi cikin jirgi, shi za ka yi muna bisa dandali."

Haka Ɗan Tudu ya samu: mutum da homar kamun kifi a kafaɗa da gora a hammata, yana cika bakin shi ne zai kamo giwan ruwa, amma da ruwa ya taɓa masa idon sawu sai ya zura da gudu. In ya gama gudun sai kiɗa ya tashi, in shiga rawa. Mutane sun so shi ƙwarai. Shi ya ciyar da ku, ba zan yi masa butulci ba.

Kuskurena shi ne ban taɓa cire shi tare da rigarsa ba. Na kai shi kasuwa, na kai shi gidan suna, na kawo shi cikin gida. Duk inda na shiga aka yi shiru sai in ji wajibi ne in ba da dariya. Ranar da mahaifiyar Garba mai kalangu ta rasu a Augie, na je ta'aziyya. Ka san Garba, tare muka yi ƙuruciyarmu a ƙungiya, shi ke kiɗa ni ke rawa. Na zauna na ɗaga hannu zan yi addu'a, sai wani saurayi daga gefe ya kasa riƙe dariya, don bai taɓa ganin fuskata ba tare da wasa ba. Da na yi kamar ban ji ba, da ta mutu a nan. Amma jikina ya riga hankalina, na zare masa ido irin na Ɗan Tudu. Zauren makoki ya ɗauki ƙyaƙyatawa. Sai da Garba ya rako ni bakin hanya, sannan ya ce, "Umaru, yau abokina nika buƙata. Ɗan Tudu ka kawo min."

Har yau in na tuna sai in ji zafi a fuskata. Saboda haka, Haliru, duk rigar da aka sa maka a wurin aiki, ka cire ta a wurin aiki. Za su raɗa maka suna can, ba makawa. Ka amsa shi a dandali da fara'a, amma ka samu mutane ko biyu ne da za su riƙa kiranka da sunan da aka yanka maka rago. In ka shiga wuri aka yi shiru, ka bar shirun ya zauna. Ba kai aka ɗora wa cika shi ba.

Shekarar da aka raba mu da Sakkwato, aka ce kowa ya koma jiharsa, muka dawo Birnin Kebbi da akwatunanmu da ganguna, ba mu da ko ɗakin gwaji. A ƙarƙashin dogon yaro muke haddace wasa, awaki na ratsa mu. 'Yan wasa sun yi ƙaranci, don da yawa sun zauna can. Hajiya Luba, wadda ke shirya mana wasannin rediyo, ta kira ni ta ce tana da wasa a kan manomin da ambaliya ta cinye masa shinkafa saura kwanaki ya yanke, tana so in fito a manomin. Na duba takardar, babu wurin dariya ko ɗaya. Na ce mata ai da an ji muryata za a fashe da dariya, in ɓata mata wasa.

Ta ce, "Ba dariyar mutane kaka tsoro ba, Malam Umaru. Shirunsu kaka tsoro."

Na mayar da maganar wasa, na fita. Aka ba wani. Ranar da aka sa wasan ina kasuwa wurin masu albasa, na ga manya sun kewaye rediyo ba mai tari. Wani tsoho ya sa gefen rawaninsa yana share ido. Na tsaya a bayansu ina jin kishi irin wanda ban taɓa ji ba. Na san muryar manomin nan tana cikina, don na ga kawunka ranar da gulbi ya shafe masa fadama, na san yadda ya zauna a bakin gona bai iya ko salati da ƙarfi ba. Amma na ƙi, don na saba a biya ni da tafi nan take.

Ka lura da kyau. Kai ma abu uku ne a hannunka kamar ni: rawa, da barkwanci, da wasan kwaikwayo. Rawa tana tare da kai muddin ƙafafunka na tare da kai. Barkwanci yana da yayi, abin da ya kayar da mutane da dariya bana, baɗi sai su kalle ka kawai. Wasan kwaikwayo shi ne wanda za ka tsufa da shi, don kullum ana neman wanda zai fito a tsoho. In sun ga kana ba da dariya, a nan za su so su ɗaure ka, don ya fi musu sauƙi. Kada ka ƙi, amma kada ka yarda a ce iyakarka ke nan. Duk ranar da aka miƙo maka rawar da za ka taka ka ji gabanka ya faɗi, wannan ita za ka karɓa.

Maganar gwiwa kuwa ka ga ƙarshenta da idonka, farkonta ne ba ka sani ba. Ta daɗe tana yi mini gargaɗi. Akwai tsallen nan na rawar masunta da ake yi a dira a kan ƙafa ɗaya kamar an jefa homa. Duk na dira sai in ji kamar an soka mini tsinke. Ban gaya wa kowa ba, don samari sun fara shigowa ƙungiya, ina tsoron a ce Ɗan Tudu ya tsufa a mayar da ni layin baya. Sai in ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin wando, in shafa man zafi, in fita. Innarka ta ga kumburin ta ce in je asibiti, na ce mata sanyi ne. Da na hutar da ita tun lokacin, likita ya ce da yanzu ba na dogara sanda. Jikinka shi ne gonarka, Haliru. In wani wuri ya yi ciwo ka faɗa da bakinka, ka zauna a ba wani. Wanda ya karɓi wurinka na mako guda bai ƙwace maka komai ba. Kuma akwai ƙwayoyin da wasu ke haɗiya wai don kada su gaji a rawa. Na ga waɗanda suka fara da haka, na ga inda suka ƙare. Ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Yanzu sai wanda ya shafe ka. Ranar da na kama ka kana koya wa yaran unguwa tsallen nan a bayan gida, ka tuna abin da na yi. Na ce muddin ina raye ba za ka hau dandali ba, na tura ka Augie wurin kawunka noman albasa. Ka ɗauka raina ka na yi, ko ina ganin ba ka iya ba. Wallahi iyawarka ce ta tsorata ni. Na ga ƙafarka ta fi tawa sauƙi, na hango ka nan da shekaru da gwiwa a kumbure, ana nuna ka a hanya ana dariya, ba mai kawo maka maganar arziki. Na ce gara ka yi fushi da ni ka zama manomi.

Ba ka yi mini gardama ba, kuma wannan ya fi gardamar ciwo. In ka zo gida sai ka gaishe ni ka sunkuyar da kai, in na yi abin dariya ƙannenka su faɗi ƙasa, kai ka tashi ka fita. Wata rana Innarka ta ajiye mini tuwo ta ƙi tashi. Ta ce, "Malam, kana ba garin ga duka dariya, ka kashe ta ɗanka." Na ce mata zai saba. Ta ce, "Shina sabawa. Shi ne abin da ka ba ni tsoro." Daga baya ta gaya mini ka taɓa tambayarta kuɗin mota zuwa Kano, ka ce in ka tafi ba sai an neme ka ba. Tun daga ranar kullum na ji an buga ƙofa sai in ce kawunka ne ya zo faɗa mini ka gudu.

Sai ga bikin kamun kifin bana a Argungu. Muna gwaji da safe a bakin gulbi na yi tsallen, na dira, na ji ƙas, ban sake tashi ba. Aka ɗauke ni aka kwantar a tabarma bayan rumfa. Wasa da la'asar, baƙi sun cika gari, babu wanda ya iya fitowa a Ɗan Tudu sai ni. Garba ya tsuguna kusa da kaina ya ce, "Haliru na nan kasuwa, sun kawo albasa shi da kawunai."

Na ce, "Yaron da bai taɓa hawa dandali ba?"

Ya ce, "Kai ne ba ka gani ba. Mu can Augie duk kiɗan noma da anka yi, shi ka rufe fili. Ni nika yi mai kiɗa. In za ka yi fushi, da ni za ka yi."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, ciwo ya hana ni. Suka ɗauki shiruna a matsayin izini.

Na sa aka jingina ni da buhu inda zan hango ka. Da ka fito da rigata da homata, ka fara da tafiyata, da muryata, har da yadda nake zare ido. Mutane suka tafa, wani ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan Tudu ƙarami!" Zuciyata ta yi baƙi. Na ce shi ke nan, abin da na guje wa ya faru, na haifi inuwata, zai ƙare rayuwarsa yana kwaikwayon gurgun tsoho.

Sai goran ya suɓuce maka. Na san ba da gangan ba ne, na ga fuskarka. Ya gangara ya faɗa ruwa ya fara tafiya a hankali. Da ni ne, ihu zan yi in ruga tudu, a yi dariya a wuce. Kai sai ka tsaya. Ka taka zuwa bakin ruwan ka durƙusa, ka kama yi wa goran magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin matar da ta ɗaure kayanta za ta tafi gidansu. Ka ce masa ka san ba ka kyauta ba, ka san ka cika baki ba ka taɓa kawo ko tarwaɗa gida ba, amma wa zai riƙe ka in ya tafi? Muryar ba tawa ba ce, ban taɓa jin ta ba. Filin nan duka ya yi tsit, har masu tallan kifi suka bar kira. Na ga wata mata ta dafe ƙirji. Ka bar su a haka har sai da shirun ya yi nauyi, sannan igiyar ruwa ta turo goran ya dawo ya taɓa maka gwiwa, ka daka tsalle da baya kana salati kamar kada ne ya taɓa ka. Dariyar da ta tashi ban taɓa samun irinta ba duk shekarun da na yi. Garba ya saki kalangu, ka shiga rawa.

Ni kuwa ina bayan rumfa ina kuka, mai ɗori na cewa in yi haƙuri ya kusa gamawa. Bai san ba gwiwar ba ce. Abin da na ƙi yi wa Hajiya Luba don tsoro, kai ka yi shi a ranarka ta farko, a gaban taron da ya fi kowane girma. A nan na san ba ni za ka zama ba, kuma wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya sauka.

Da wani mutumin gidan talabijin na Kaduna da ya ga wasanka ya biyo mu har gida yana neman a ba shi kai, abu ɗaya ya rage mini: Baffanka Malam Yahaya. Shi ne babba, shi ya gaji zauren mahaifinmu da ɗalibansa, ba za ka bar gari ba da saninsa ba. Na daɗe ba na zama a zaurensa sai gaisuwar salla, don na ɗauka kunyata yake ji. Na dogara sanda na tafi ina shirya amsoshi a hanya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a kira ka. Ka ji abin da ya ce maka: kada wasa ya ci maka salla, kada ka ba da dariya da nakasar wani ko addininsa, kada ka sa mutum kuka a gida don wasu su yi dariya a fili. Ya dafa kanka ya sa maka albarka. Bayan ka fita ne ya juyo gare ni.

Ya ce, "Umaru, ni ban kallon wasanku, ba ni kuma farawa yanzu. Amma yaushe na taɓa ce ma kar ka zo nan?"



Ya ƙara da cewa, "Kai ka yanke ma kanka hukunci, ka ɗora min. Tabarmar ga kullum da wurinka."

Mun zauna har aka kira azahar, muna tuna mahaifinmu. Shekaru na yi ina kewaye ƙofar ɗan'uwana saboda maganar da bai taɓa faɗa ba. Don haka kada ka riga mutane raina sana'arka. Wasu za su raina ta, gaskiya ne, ka bar su su faɗa da bakinsu. Kai dai ka shiga cikin mutane da kanka a ɗage, ka yi gaisuwa, ka je jana'iza, ka je ɗaurin aure, ka zauna a sahun da kowa ke zama.

Sauran ƙanana ne, amma ka riƙe. Ka riga kowa zuwa wurin gwaji. Ka san sunan mai ɗaukar hoto da mai share wuri, ka gaishe su kafin ka gaida manya. Matan da za ku yi wasa tare 'ya'yan wasu ne, kuma abin da ake faɗa a kansu a gari ya ishe su, kada a ji ƙari daga bakinka. In makaɗi ya yi maka kiɗa mai kyau ka faɗa a gaban mutane, don rabin rawarka tasa ce. Za su yi dariyar Hausarka, su ce ka faɗi kaza su ji. Ka koyi tasu don aiki, amma kada ka zubar da taka, wata rana ita za su zo nema. Kada ka yi rawa da yunwa, kada kuma ka yi ta da cikakken ciki. In ka samu mai zuwa gida ka aiko wa Innarka ko layi biyu ne, ƙanwarka za ta karanta mata.

Kada ka damu da ni. Hajiya Luba ta zo duba ni, ta ajiye mini takarda a kan tabarma. Wasa ne a kan wani tsohon mai fito da 'ya'yansa suka watse birni suka bar shi da jirgi. A zaune ake yin sa, gaban makirfo. Na karanta, gabana ya faɗi, na aika mata na karɓa.

Abu na ƙarshe. Mai yiwuwa Kaduna ta karɓe ka, mai yiwuwa ta ƙi. Na ga waɗanda suka fi mu iyawa sun tafi sun dawo hannu wofi, na ga kuma waɗanda kunyar dawowa ta sa suka lalace a can. In abin bai yiwu ba, ka hau mota ka taho da rana tsaka, ta ƙofar gaba. Ba wanda zai tambaye ka me ka kawo. Duk inda za ka shiga a duniya daga yau, za a zuba maka ido ana jiran ka yi wani abu. A gidan nan kaɗai ne ba sai ka ba kowa dariya ba kafin a ajiye maka tuwo.

Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini shekarun Augie. Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya tsare ƙafafunka da harshenka, Ya kare ka daga idon maƙiyi da zaƙin bakin masoyi, Ya ba ka abin da zai amfane ka, Ya kawar maka da wanda ba zai amfane ka ba ko da kana son sa. Allah Ya sa mu gana da alheri. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka, Garba ma ya ce a gaishe ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru.